Talotalon Goggo a Kan Sikeli

A shekarata ta ƙarshe a jami'ar Jos aka ba ni bincike kan girman talotalo. Malamina ya ce in riƙa auna su duk mako tun suna 'yan tsaki, in zuba a kwamfuta, ta zana layin da zai nuna wa mai kiwo lokacin da girma ke sauri da lokacin da yake tsayawa. Jadawalin da ake bi na ƙasashen sanyi ne, a wajenmu kuwa zafi kan hana su ci. Sai dai Jos ba Kano ba ce, shi ya sa yake son ganin namu. In aikin bai karɓu ba, ba ni ba fita da 'yan ajinmu.

Goggona, ƙanwar babana, tana kiwonsu a bayan gidanta a Daɗin Kowa, tana sayarwa lokacin Kirsimeti. Sharaɗinta ɗaya, ba mai shiga akurkinta sai ita, wai takalmin baƙo ke kawo cuta. Ni kuwa faɗuwa ta zo daidai da zama, don tun da wani ƙaton namijin talotalo ya taɓa fafarata nake shakkarsu.

Duk Asabar zan rataye sikeli a reshen gwaiba, Goggo ta kamo mini goma, ɗaya bayan ɗaya, in sa a buhu in rubuta. Na faɗa mata ta kamo duk wanda hannunta ya kai gare shi. Ta ce, "To, 'yar nan."

Layi ya fito gwanin kyau, ya kusa kamo na Turawa. Na yi ta cika baki a aji cewa sanyin Jos ne.

Da na kai wa malamina bayan wata biyar, ya daɗe yana duba takardun.

"Goman nan kullum nauyinsu kusan ɗaya," in ji shi. "Ko 'ya'yan ciki ɗaya ba sa zama haka. Ke kika auna, ko a ɗaki kika zauna kika ƙirƙira?"

Maganar ta ƙona mini rai. Washegari na wanke takalmina da maganin kashe cuta, na shiga akurkin, Goggo na bayana tana faɗa. Ga manyan da na sani suna ta hura hanci. A can kusurwa kuma ga wasu da ban taɓa gani ba, ƙanana, har da mai ɗingishi.

Na ce, "Goggo, waɗannan fa?"

"Waɗannan ai ba na nunawa ba ne. Littafin binciken nan naki gaban manya za a kai shi. So kike a ce goggonki ba ta iya kiwo ba, ke ma a raina ki?"

Haka take yi in baƙo ya zo, ta zuba masa tsokar da ta fi kyau. Wata biyar tana yi wa jami'a karɓar baƙi, ni kuma ina tsaye a inuwa da biro.

Makonnin da suka wuce ba sa aunuwa. Malamina ya yarda ban yi ƙarya ba, amma ya ce sai an sake daga farko. 'Yan ajinmu suka fita, na bi su da kallo a hotuna. Na yi kuka, na yi mako uku ban taka gidan Goggo ba, alhali na san rabin laifin nawa ne.

Bayan Kirsimeti ta aiko a ce mini sababbin 'yan tsaki sun iso. Na je da zare da lambobi, don wannan karon kowa sai an ɗaura masa a ƙafa. Ta shiga ta fito da na farko a tafin hannunta, ɗan firit, ido ɗaya a rufe. Da kanta ta sa shi a sikeli, ta kau da kai wajen katanga.

Ta ce, "Rubuta."