Haɗin da Na Sayar wa Baba Modu

Ni ɗan masunta ne, a bakin kogin Haɗeja na tashi, kuma har na girma ba wanda ya taɓa kawo ƙarata gida. Baki kawai Allah Ya ba ni. In na fara magana, ko mai sauri sai ya tsaya.

Wani mai tallan magani a kasuwar Kafin Hausa ne ya fara ɗaukata in riƙa yi masa shela da lasifika. Kai, samari, ku zo ku ga cinkoso! Manoman shinkafa da suka wuni sunkuye cikin laka, masunta masu sanyin ƙashi, tsofaffi masu kumburin gwiwa, kowa hannu a sama. Ba a jima ba na kafa nawa teburin. Karatuna bai wuce firamare ba, amma na ɗinka farar riga, mutane suka fara ce mini Likita. Wallahi sunan nan ya shiga kaina!

Sai na ƙirƙiro haɗina. Ƙwayoyin kashe ciwo iri biyu masu aiki ɗaya, da wata 'yar ƙarama mai sauke kumburi, in ɗora tiramol a kai, in ƙulle a leda. Na raɗa masa suna Tashi-ka-yi-noma. Kuma yana tayarwa!

Baba Modu, wani dattijo manomin shinkafa, da sanda ya zo mini. Kasuwa ta gaba ya dawo da ƙafarsa, ya ɗaga sandar sama yana dariya, jama'a na tafi. Ranar ji na yi kamar in tashi sama. Kullum da safe sai ya sha, ciki ba komai, ya wuce fadama.

Wata rana ya ja ni gefe. "Ɗana, cikina kamar an zuba barkono, bayan gidana kuma baƙi ƙirin."

Ban san amsar ba, amma Likita ba ya cewa bai sani ba. Na ce, "Cutar ce ke fita, Baba. Ƙara ƙulli ɗaya."

Lokacin yankan shinkafa ya yanke jiki ya faɗi a gona yana aman jini. Sai da aka yi masa ƙarin jini a asibiti ya farfaɗo. Ina tsakiyar shela 'ya'yansa suka iso da 'yan sanda. Alƙali ya tambaye ni inda na yi karatun magani, na ce ban yi ba, ya tura ni gidan yari.

A gidan yari ciwon haƙori ya kama ni. Na ce wa jami'in lafiyarmu, Malam Bitrus, mutumin kudancin Kaduna, ya haɗa mini ƙwayoyi masu ƙarfi irin haɗina, na lissafa masa su. Ya zaunar da ni ya ce, "Inda jiki ya ji rauni yakan fitar da wani sinadari mai kawo kumburi da raɗaɗi. Shi ƙwayoyin nan ke hanawa. To amma shi ne kuma ke kare tumbi, yana taimakon ƙoda. Ka haɗa biyu iri ɗaya, ka ɗora ƙaramar nan, ka huda cikin mutum. Tiramol kuwa ƙwaƙwalwa yake rufe wa ido, ciwon na nan yana ci."

Sai na tuna da Baba Modu. Ashe baƙin bayan gidan nan jini ne, dattijon yana gaya mini yana mutuwa, ni kuwa na ƙara masa.

Ranar da aka sake ni, kai, har ƙurar titi daɗi take mini! Ban je gida ba, gidan Baba Modu na nufa. Na same shi ya rame, yana shan kunu. Na durƙusa ina kuka. Ya ce, "Tashi, ɗana, na yafe maka duniya da lahira. Noma dai na bar wa yara."

Yanzu dako nake yi a injin casar shinkafa, ina barci lafiya lau, alhamdu lillahi.

Ƙannena, ciwo ɗan aike ne, ku kai shi wurin wanda ya karanci abin. Kada ku sha ƙwayar da ba ku san sunanta ba, kada ku sayar wa wani. Kuma in an tambaye ku abin da ba ku sani ba, ku ce ba ku sani ba. Da na faɗi haka ranar nan, da Baba Modu na gonarsa yau.