Fom ɗin da Ya Koyi Kunya

Duk wanda ya taɓa neman a cike masa fom a Gaya ya san shagon Zuhra, wani ɗan ɗaki kusa da tashar masu adaidaita sahu, inda kwamfuta biyu da fanka guda suke rabon wutar sola. 'Yar Kademi ce, kuma ita ce 'yar fari a ɗakinsu. A hannun kakarta ta tashi, kuma tun da ta yi wayo ba ta taɓa jin sunanta a bakin mahaifiyarta Hajo, wadda take kira Inna, ba. In Hajo za ta kira ta sai ta ce "ke", in za ta ba da labarinta sai ta ce "waccan". Haka ake yi a kusan kowane gida, Zuhra ta sani. Amma in ta ji Inna tana ƙwala wa ƙannenta kira da sunayensu, takan ji wani abu ya ɗan soke ta a rai.

Ta yi karatun kwamfuta a Kano, ta dawo da takardar shaida da kuma tsanar fom ɗin intanet. Kuma wallahi tana da gaskiya. Shafi guda, tambayoyi ba iyaka, duk da Turanci, rubutu ƙanana kamar ƙwayar riɗi. A tambayi tsohuwa rana da watan haihuwarta, a tambayi mutumin Kademi lambar gidansa. Sai an sha wahala an kai ƙarshe, sabis ya ɗauke, komai ya goge, a koma farko. Zuhra takan ce wanda ya tsara irin wannan bai taɓa zama kusa da mai cikewa ba, don da ya zauna da ya sha zagi.

Hajo kuwa ita ce shugabar matan da ke ƙuli-ƙuli da man gyaɗa a Kademi, tare da 'yan uwansu na Ajingi. Shekara da shekaru tana juya tunkuza a turmi, har kafaɗarta ta dama ta daina yarda ta ɗaga tulu. Sai ga wata ƙungiya a Kano ta ce za ta ba su injin matse mai, da sharaɗin kowace mace ta yi rajista a intanet kafin sabuwar gyaɗa ta shigo kasuwa. In ba su gama ba, injin ya tafi wani gari. Matan suka leƙa fom ɗin suka yi tsuru-tsuru. Hajo ta miƙe a gabansu ta ce, "Ku kwantar da hankalinku, waccan za ta yi." Da labarin ya iso wa Zuhra, wuni ta yi tana murmushi ita kaɗai, don ba ta taɓa jin Inna ta tsaya mata haka a bainar jama'a ba.

Ta kira Ashraf, jami'in ƙungiyar, ta roƙi izini ta sake tsara fom ɗin. Ya ce ta yi yadda take so, in dai amsoshin za su iso masa a cike. Ta zage damtse. Ta mayar da tambayoyin Hausa, kowace da shafinta, ba cunkoso. Ta naɗi muryarta tana karanta su, mace ta saurara, ta danna koren maɓalli ta faɗi amsa da bakinta. Ranar haihuwa ta koma "kusan shekara nawa", lambar gida ta koma unguwa da sunan mai unguwa. In sabis ya ɗauke, fom ya jira a inda aka tsaya. Matan da ke da manyan wayoyi suka riƙa zagayawa da su gida gida, amsoshi suka yi ta shigowa. Zuhra ta kwashe su ta tura Kano ba tare da ta saurari ko ɗaya da kyau ba, don manhajar da kanta take mayar da magana rubutu, ita kuma daɗi ya riga ya cika ta.

Sai ga kiran Ashraf, yana ta ƙoƙarin danne dariya.

"Malama Zuhra, don Allah wane ne wannan Malam ɗin?"

"Wane Malam?"

"Wanda ya auri duk matan Kademi da rabin na Ajingi. Inda aka ce sunan miji, kusan kowa ta ce Malam. Sauran sun ce Maigida. Inda aka ce wa za a kira in ba a same ki ba, sun ce babban yaro. Wata ma cewa ta yi 'kun dai san shi'. Ba za mu iya karɓar wannan ba, kuma lokaci ya ƙure."

Zuhra ta ji kamar ƙasa ta tsage ta shige. Ga ta 'yar fari, wadda al'adar kunyar faɗin suna ta fi shafa, amma ita ce ta manta da ita. Kuma ga maganar Inna a gaban mata tana shirin faɗuwa ƙasa banza.

Ranar kasuwar Ajingi ta rufe shago ta hau babur. Ta sami matan a rumfar masu mai, ta gaishe su, ta roƙi wata mai suna Hanne ta sake cikewa a gabanta. Komai ya tafi sumul har muryar Zuhra ta fito daga wayar garau: "Mene ne sunan mijinki?" Hanne ta ja mayafi ta rufe rabin fuska, ta ce ƙasa-ƙasa, "Malam."

Gwaggo Talatu, aminiyar Hajo, wadda bakinta bai san birki ba, ta tafa hannu. "Ke 'yar nan, anya ba a Kano aka canjo mana ke ba? Ki tambayi mace sunan mijinta gatsau haka, ko sallama babu? Ai Bubayero ne sunansa, kowa ya sani!"

Rumfa ta kaure da dariya. Zuhra ma ta yi, amma kunnenta ya riga ya kama abin da ta zo nema. Sunan da ya gagari Hanne, Gwaggo Talatu ta faɗe shi ba ko gargada. Haka dama suke yi a asibiti, haka suke yi wurin rajistar zaɓe: mace ta sunkuyar da kai, ta kusa da ita ta amsa. Fom ɗin ne ya ware kowace ita kaɗai da waya.

A nan rumfar ta zauna kan buhun gyaɗa ta gyara. Ta sa sallama da gaisuwa a farko. A tambayoyin nan biyu kuma ta sake naɗar murya, a tausashe: "In sunan na kunya ne, ki miƙa wa ta kusa da ke wayar ta faɗa miki." Aka gwada da Hanne, ta miƙa wa Gwaggo Talatu wayar tana dariya, aka wuce wurin. Kafin la'asar matan sun mayar da abin wasa, kowace tana neman a miƙo mata don ta faɗi sunan mijin wata da ƙarfi har a ji a rumfar masu tukwane. Washegari na Kademi suka yi nasu.

Wannan karon Zuhra ba ta yarda ta tura komai ba sai da ta saurari kowace amsa. Tana zaune a shago da safe, abin sauraro a kunne, ta iso kan ta Inna. Sunan miji, Gwaggo Talatu ta faɗa. Sai tambayar wa za a kira in ba a same ki ba. Zuhra ta zaci sunan ƙanenta Muzammil za ta ji, tunda shi ne namiji kuma sunansa ba na kunya ba ne. Ana jin kukan awaki daga nesa. Sai muryar Inna, a hankali:

"Wadda ta haɗa wannan abin na cikin waya. 'Yata ce."

Daga gefe Gwaggo Talatu ta rangaɗa, "Zuhra take nufi! Ku rubuta Zuhra!"

An karɓi rajistar, injin ya iso Kademi tare da sabuwar gyaɗa, kafaɗar Hajo ta huta. Wasu ƙungiyoyin ma yanzu kawo wa Zuhra fom ɗinsu suke yi ta sassauta musu, ita kuma ba ta taɓa ko ɗaya sai ta je ta zauna kusa da masu cikewa tukuna. Har yau in ta je gida "ke" ce, kuma ba ta taɓa nuna wa Inna ta ji komai ba. Amma muryar nan tana cikin wayarta, kuma in shago ya yi shiru takan kunna ta, ta tsayar da ita kafin Gwaggo Talatu ta sa baki.