"Watakila" ɗin da ya raba ni da injina

Shekarun baya, tun gemuna bai fara fari ba, na yi aiki a shagon wani tsohon Bafaranshe mai gyaran bindigogin farauta da na wasan harbi, a gefen Lyon. Ni ɗan maƙera ne daga Damagaram. Lakwal, makarantar boko, aji shida na yi na gudu, amma ƙarfe kam, ko ido a rufe ka miƙo mini shi zan gaya maka inda ya karkace. Shekara tara na yi a kan injin tur ɗin shagon nan, mai juya ƙarfe ana sassaƙa shi. Kullum da safe in shiga bas daga unguwarmu ta Minguettes, in dawo da baƙin mai har gwiwar hannu, kuma ina jin daɗin abina.

Sai 'yar maigida ta yi aure, mijin ya zo mana da dipulom, takardar shaidar karatunsa, a cikin gilas, ya rataye a bango daidai saman injina. A hankali aka fara ba shi manyan ayyuka, ni kuma goge-goge da ɗaurin kwali. Na haɗiye.

A lokacin ina da aboki, tare muka taso unguwa ɗaya. Shi ya yi karatu, yana aiki a kantin magani a Saint-Denis, can gefen Paris. Ya shiga kulob ɗin harbi, da takardunsa cif-cif, yana da 'yar bindigar nan mai lamba ashirin da biyu da ake harbin takarda da ita. Wata rana ya kira ni ya ce kunnensa na hagu ya fara ƙara, yana son a sa mata silansiye, bututun nan da ake murɗawa a bakin bindiga ya rage amo. Ni da bakina na ce, "Kar ka kai wa 'yan Paris su ɓata maka. Kawo ta nan, hannuna zai yi."

Aikin ba wani abin mamaki ba ne. Zare ake yankawa a bakin bututun bindigar, irin na noti. Sai dai zaren dole ya bi ramin da harsashi ke fita, don ramin ba kullum yake tsakiyar ƙarfen ba. In ya kauce ko da kaurin gashi ne, harsashi zai goga a jikin silansiyen.

Ya kawo bindigar ya bar ta a shago. Ranar Juma'a na tafi masallaci, na dawo na tarar surukin maigida ya gama aikin yana busa sigari. Na ɗauki bututun, na ɗaura silansiyen, na ɗaga wajen taga na leƙa. Ya kamata in ga haske zagaye sumul. Sai na ga inuwa a gefe guda kamar jinjirin wata. Zaren a karkace yake.

To ga inda na kashe kaina. Mu an rene mu ba ka tsayawa gaban babba ka ce surukinsa ya yi ɓarna. Sai ka kewaya, shi kuma ya gane. Na je gaban maigida, na sunkuyar da kai, na ce da Faransanci, "Peut-être a ƙara duba wannan." Watakila. A gidanmu in ƙarami ya ce wa babba "watakila a ƙara dubawa", to gobara ce ta tashi.

Surukin ya ce, "Da me ka auna?"

Na ce, "Da ido."

Ya yi dariya, ya ɗora ma'auninsa a bayan bututun, allura ba ta motsa ba. Ai dole, bayan ya bi ya yanka, bayan kuma ya auna. Maigida ya ɗaga kafaɗa ya koma ofis. Ni kuma na koma kan kwalina, wai na sauke nauyi.

Washegari abokina ya zo ɗauka, surukin ya sake aunawa a gabansa. Na raka shi tashar jirgin ƙasa, a nan ne na buɗe baki da Hausa, ba kewaye. Na ce, "Wallahi zaren nan a karkace yake. Kar ka harba da silansiyen. Bar mini ita, Litinin in gyara."

Ya ce, "Haba ɗan maƙera, mutum da dipulom ɗinsa ya auna gabana, kai kuma ka ce ido? Nan fa ba maƙerar Baba ba ce."

Na ce, "Idon nan ya ci ƙarfe kafin a haifi dipulom ɗin."

Ya dafa kafaɗata ya ce, "Kishi ne ke damunka, Malam. Gai da Hajiya." Ya shige jirgi.

Bayan sati biyu wasiƙar abokina ta iso shago. Harbi na uku harsashi ya tsaga bakin silansiyen. Allah ya kiyaye ba wanda ya ji rauni, amma an tsayar da harbi a kulob, an taru a kansa, ya sha kunya. Maigida ya kira ni ofis ya karanta mini da ƙarfi. Faransanci mai kyau, irin na masu karatu. A tsakiya akwai layi ɗaya: ma'aikacinku ya san aikin a karkace yake, shi ya faɗa mini da bakinsa a tasha.

Tsohon ya cire tabarau ya ce, "Ka sani, ka gaya wa mai kaya, ni ba ka gaya mini ba?"

Na ce, "Na gaya maka."

Ya ce, "Ka ce peut-être. Kana kallon takalminka."

Surukin yana tsaye bakin ƙofa. Ba za a kori mijin 'ya ba, kowa ya sani. Ƙarshen wata na kwashe rigar aikina.

Na kira abokina daga tashar bas. Ya ce, "Ni fa don in wanke ka na rubuta, su san kai ka fi su sani."

Na ce, "Da ka san na fi su sani, da ba ka harba ba." Na kashe waya. Ya yi ta kira, har ya turo dattawanmu daga Stains, can wajensu, su ba ni haƙuri. Na karɓi gaisuwarsu, na ba su shayi, shi ke nan. Muna haɗuwa wajen jana'iza, mu yi musabaha.

Yanzu zaren bututun ruwa nake yankawa a wata masana'anta. Ba wanda ke buƙatar idona a can, in ya karkace ɗigo kawai zai yi. Har yau in na tuna, ba surukin ke ƙona mini rai ba, shi bai iya ba ne kawai. Abin da ke ci na shi ne magana ɗaya na faɗa sau biyu: wanda zai iya tsayar da aikin na faɗa masa da ladabi bai ji ba, wanda na faɗa wa gatsal bai yarda ba.

Matata tana cewa na zama marar ta-ido, ko liman ya yi kuskure sai na faɗa a gaban mutane. Gaskiyarta. Kwanan baya babban ɗana ya nuna mini wata mota da zai saya, ya ce in duba. Na leƙa ƙarƙashinta na ce ruɓaɓɓiya ce. Ya ce, "Baba, watakila dai..."

Na ce, "A gidan nan ba a faɗin kalmar nan."