Ranar da Baffa Ya Kira da Kansa

A gidanmu ba a cewa marar lafiya jikinsa ya tsananta, ko da yana kan gargara. Sai dai "da sauƙi". Kai za ka nemo sauran maganar.

Lokacin ina kabu-kabu da moto, wato babur, a Magaria, yayana yana kwance a ƙauyenmu, bayan Dungas. Shi ya riƙe ni bayan rasuwar babanmu. Kullum ƙanwarmu ke kira, ta ce da sauƙi, in ce alhamdulillahi, in tada moto.

Wata Talata da hantsi salula ta yi ƙara, na ji muryar Baffa, ƙanen babanmu. Ya tambayi aiki, ya tambayi ruwan bana.

Na ce, "Baffa, ya jikin Yaya?"

"Da sauƙi. Har ya sha kunu."

Ya kashe.

Na ɗauki wani mutum zuwa Bande, amma zuciyata ta ƙi zama. Na faɗa rami biyu da na san su kamar ɗakina. Mutumin ya ce, "Malam, in kai ka gaji da duniya, ni da saura."

Ni ban yi zurfi a lakwal ba, wato makarantar boko, amma na san Baffa. Tun da ya sayi salula, sai dai a kira shi. Sai kuma na tuna wata murya da na ji a bayansa tana cewa a kawo tabarma. Gwaggo ce ta garin Kwaya, mai ciwon ƙafa, wadda ko biki ba ya fito da ita.

Na tsaya bakin hanya, na tare wani abokin aikina ya ƙarasa da mutumin. Mutumin ya yi ta faɗa. Ban saurara ba, na kama hanyar ƙauyenmu.

Yashi ya kayar da ni sau ɗaya. Na tashi ban ko kakkaɓe ba.

Na tarar da takalma cike da ƙofar ɗaki. Yaya ya buɗe ido da ƙyar, ya dubi wandona.

"Har yanzu ba ka iya moto ba?"

Na riƙe hannunsa. Bayan la'asar ya cika.

Da muka dawo daga maƙabarta na ce, "Baffa, da ban zo ba fa? Ba ka gaya mini ba."

Ya dube ni sama da ƙasa.

"Ban gaya maka ba? Yaushe na taɓa kiran ka?"