Sabon Maɗaurin Agogon Baba

Shekarar da Baba ya tashi daga doguwar jinya, mun yi wata yarjejeniya a gidanmu na Gwallameji ba tare da an zauna an ƙulla ta ba: babu wanda zai ce masa ya rame. Mutum ne mai alfahari da jikinsa. Ya yi aikin gwamnati har ya yi ritaya bai taɓa kwana a asibiti ba, kuma kowa a unguwa ya sha jin wannan labari, wasu har sun haddace. Don haka Inna ta riƙa sace rigunansa tana kai wa tela a rage. Masu zuwa dubiya kuwa tun daga ƙofar gida muke tare su mu koya musu karatu. Su shiga su ce, "Alhaji, ai jiki ya dawo!" Shi kuma ya shafa tumbin da babu shi, ya ce, "Da ma ina ya je?"

Ana cikin haka maɗaurin agogonsa ya tsinke. Fata ce, ruwan alwala ya gama cinye ta. Agogon shi aka ba shi ranar ritaya, kuma Baba ya yi imani cewa duk mai gyaran agogo a faɗin Bauchi burinsa ɗaya ne, ya kwashe injin wannan agogo ya sa masa na jabu. Ya ce agogo ba zai bar gidan ba, a je a sayo fatar kawai.

Na ce, "To da wane awo?"

Inna ta dube ni kamar ban san komai a duniya ba. Ita da ta saya mana duk takalman Salla da tsinken tsintsiya, ta auna ƙafa ta karya tsinke a kai kasuwa, agogo ne zai gagare ta? Ta ɗauko zaren ɗinki ta zagaya wuyan hannun Baba. Ina kallo ta saki zaren ya yi sako-sako, ta ƙara yatsa biyu, sannan ta sa haƙori ta tsinka. Haka take yi mana muna yara, wai saboda girma. Baba ya ɗaga zaren ya duba tsawonsa, ya gyaɗa kai, ransa fari ƙal.

Na shiga keke mai ƙafa uku zuwa kasuwar Muda Lawal, zare a ƙulle a bakin gyale. Mai gyaran wani dattijo ne mutumin kudu, yana zaune bayan ɗan akwatinsa na gilashi. Ya karɓi zaren, ya jujjuya shi, ya ce, "Hajiya, wannan na agogo ne ko na wando?"

Raina ya soma ɓaci. Ya ce tsawo ba shi ne magana ba, faɗi ne, don kowane agogo da tazarar kunnuwansa inda fatar ke shiga. "Kawo agogo. Ba agogo, ba aiki." Ni kuma da taurin kai na zaɓi wata da ido na kawo gida. Ta yi faɗi. Baba ya ɗauko reza zai gyara ta, ya mai da ita kamar kilishin da ɓera ya ci. A nan na fashe. Na ce, "Baba, ko ka tashi mu je da agogon, ko ka ɗaura shi da zaren Inna!"

Washegari muka je. Baba ya miƙa agogon amma bai sake shi ba, ya riƙe gefe ɗaya gam.

"Alhaji, sake mana kaɗan."

"Oga, yi aikinka, ni ma ina yin nawa."

A cikin wannan ja-in-ja ɗan siririn ƙarfen da ke riƙe fatar ya yi tsalle ya ɓace. Sai ga mu duƙe muna lalube a ƙasa, har da wata mai sayar da atamfa da ba ta ma san abin da ake nema ba. A cikin naɗin hannun rigar Baba aka same shi.

Da aka gama sa fatar, Baba ya miƙa hannu da isa, ya ce, "Huji na uku. Nan nake sa agogo tun kafin a haifi wannan yarinyar."

Aka sa a na uku. Baba ya ɗaga hannu, agogo ya zame har kusa da gwiwar hannu. Aka sa a na ƙarshe, bai tsaya ba. Sai na tuna kowa na koya wa karatu ban da wannan mutumin. Na koma bayan Baba ina ta zare masa ido ina girgiza kai. Mai gyaran ya dubi hannun, ya dube ni, ya yi tsaki.

"Alhaji, kamfani na yanzu ba shi da hankali. Duk fata dogo suke yi. Jiya ma wani soja, ƙato haka, sai da na huda masa."

Ya ɗauko ƙusa da guduma ya yi sabon huji can ciki. Baba kuwa ya samu abin da yake so. Ya zagi kamfanonin zamani tun daga kasuwa har muka yi nisa, mai keke yana taya shi da nasa ƙorafin a kan tayoyi.

Da muka kusa gida, Baba ya bar zagin. Ya juya hannunsa yana kallon jelar fatar da ta kusa zagaye shi. Ni ma ita nake kallo, tausayinsa ya cika ni. Ya matso kusa da ni, ya rage murya don kada mai keke ya ji.

"Kada ki faɗa wa Innarku sai da aka yi sabon huji. Har yanzu ba ta lura na rame ba, kuma ba na so hankalinta ya tashi."

Na ce to, na kau da kai wajen titi har muka sauka.