Siket ɗin Adda da Dugadugaina

Bari in tona wa kaina asiri kafin wani ya riga ni. Makon jiya na tsaya a bakin shagon wani tela a kasuwar Mubi, na buɗe hanci ina shaƙar iska kamar ɗan akuyan da ya ji ƙanshin dusa. Telan ya ɗago kai ya ce, "Baba, ɗinki ka kawo?" Na ce a'a, ƙanshi na zo ji. Ya yi mini kallon da ake yi wa wanda ya fara zarewa. Ban ga laifinsa ba. Dutsen guga ne ya ɗora a kan sabuwar atamfa, ƙanshin nan kuwa ya ɗauke ni cak ya ajiye a shekarar da aka auna ni domin ɗinka siket. Eh, ni ɗin nan da kuke gani da furfura.

Adda ita ce yayata, uwa ɗaya uba ɗaya. Ta girme ni da shekaru masu dama, amma Allah ya yi ta 'yar guntuwa, har na kamo ta tsawo tun ina yawo da ƙwallon tsumma. Idan ta ɗaura zane sai ta naɗe samansa sau biyu don kada ya ja ƙasa, naɗin ya taru a cikinta tim. 'Yan matan unguwa suka sa mata suna 'Yar Tulu. Ba ta taɓa mayar musu da magana ba. Sai dai idan Sallah ta zo, sa'o'inta suka fita yawo, ita sai ta ce kanta na ciwo, ta zauna tsince wa Dada shinkafa. Dada ita ce mahaifiyarmu, kuma ta san ciwon ba a ka yake ba.

A lokacin ne siket ya fara shigowa gari. Matan da ke zuwa cin kasuwa daga Kamaru muka fara gani da shi, dogo har idon sawu, babu naɗi babu ɗauri. Adda ta ƙyalla ido ta gani, ta sa a ranta. Da damina ta faɗi ta roƙi Baba ya yanka mata 'yar gona a gefen tamu a Mayo Bani, ta shuka gyaɗa. Ita ta yi noma, ita ta yi cira, ita ta ɓare har yatsunta suka yi kanta. Ni aikina ci ne, kuma ban yi sakaci ba. Gyaɗar nan kaf ita ta zama atamfa guda. Babu ta biyu, babu kuma wata gyaɗar sai baɗi.

Kaka, uwar Baba, ita ta raka ta zaɓe. Adda ta so wata mai manyan furanni kamar faifai, Kaka ta hana. Ta ce, "Fure ɗaya ya rufe ki gaba da baya, to ke ina za a gan ki?" Ta zaɓo mata shuɗiya mai siraran layuka a tsaye, da wani ado na ƙananan ganye jere a bakinta. Adda ta fi son wannan adon na baki fiye da komai. Kullum sai ta warware ta shafa shi, ta mayar ta ninke.

Sai maganar awo ta taso. Telan unguwarmu dattijo ne, iyayensa daga wajen Katsina suka zo, kuma shi bai taɓa ɗora tef a jikin mace ba. Tsohuwar riga ake aika masa ya kwatanta. To siket fa, Adda ba ta da tsoho. Dada ta ce a auna tsawonta da zare a kai masa. Kaka ta yi tsalle ta dire, ta ce a gidanta ba a auna tsawon mai rai da zare ko kara, wannan aikin masu haƙa kabari ne, kuma duk yarinyar da aka auna ta gama tsawo ke nan. Sai idonta ya sauka a kaina ina tsugune ina lasar kwano. Ta haɗa bayana da na Adda, ta dafa kawunanmu da tafi ɗaya. "Ga ma'auni nan Allah ya ba mu. Kugu kuwa a sa zariya."

Na ce, "Kaka, ni ba zan daina tsawon ba?"

Ta ce, "Kai namiji ne, mijina, tafi."

Haka na ɗauki atamfa a ka, sanye da tsohuwar jallabiyar yayan Baba mai share ƙasa. Rumfar Malam Tela cike take da masu zaman hira, Sallah ta matso, keken ɗinki na ta kuka. Da na faɗi saƙon Kaka, sai rumfa ta ɗauki dariya. Wani mai sayar da goro ya ce, "Amarya, yaushe ne bikin?" Wannan bai dame ni ba. Abin da ya soke ni shi ne da wani ya ce, "Ashe gidan duk tuluna ne, ƙanen ma kansu ɗaya." To a nan shaiɗan ya raɗa mini. Da Malam Tela ya sunkuyo da tef, sai na yi ɗage a cikin jallabiya, na tsaya a kan 'yan yatsu, dugadugaina a sama. Ya ce, "Ina kugun?" Na nuna masa wajen haƙarƙari. Idonsa dama ya fara rauni. Ya ja tef har ƙasa ya ce, "Kai, yarinyar ba ta kai yadda ake faɗa ba." Na fito ina taƙama kamar na ci kokawa.

Ranar jajibiri da hantsi aka karɓo ɗinki, siket da rigarsa, Malam Tela kuma ya rufe rumfa ya tafi Sallah wajen 'yarsa a Mugulbu. Adda ta shiga ɗaki ta saka. Muka tsaya muna jira. Da ta fito, siket na kwance a ƙasa gaba da baya, adon ganyen nan duk a ƙarƙashin ƙafarta. Ba ta yi kuka ba, da ma ta yi. Tsayawa kawai ta yi tana kallon ƙasa, ta ce a hankali, "Dada, gobe ni zan tsince shinkafar."

Ba a yi wani bincike ba. Kaka ta dube ni sau ɗaya, na fara bayani tun ba a tambaye ni ba. Dada ta ɗauko almakashi ta ce a rage ƙasan. Adda ta riƙe hannunta, domin in an yanke, ganyen ya tafi.

Kaka ta daɗe tana zagaya ta tana taunar goro. Can ta kama siket ɗin ta ja shi sama, ya wuce cibiya, ya kai daidai inda na nuna wa tela, ta ƙara ja kaɗan, ta tsuke zariya. Bakinsa ya tashi daga ƙasa ya tsaya a idon sawu, ganye ya fito reras. Rigar ce ta zama matsala, ta sauko ta rufe komai. Kaka ta ce a kawo allura. Ta kalmashe rigar ta ciki, ta ɗinke ta tsaya a bakin zariya. Ni aka sa riƙon madubi, kunnena ɗaya na zafi saboda murɗar da ya sha.

Jama'a, ban san yadda zan kwatanta muku ba. Adda ba ta ƙaru da ko ɗan yatsa ba, amma layukan nan suka miƙe tun daga ƙirji har ƙasa, sai ka rantse duk ƙafa ce. Tulu ya ɓace. Ta juya hagu, ta juya dama, ta ce in ɗaga madubin sosai, ɗan banza.

Washegari ta ɗaura kallabi ta tayar da shi sama, ta fita yawon Sallah. Na bi su a baya don in ji abin da za a ce. Babu wadda ta ambaci tulu. Wadda ta raɗa mata sunan ma ita ce ta matso tana taɓa bakin siket ɗin, tana tambayar wane tela ne. Ranar nan Dada ita kaɗai ta tsince shinkafarta, tana yi tana 'yar waƙa.

Yanzu mata ke auna mata, a shagunansu, da tef a wuya, ba mai aika ƙanensa. Jikar Adda, wadda ta ɗauko ta sak, ta nuna mini hotuna a waya, wai sabon yayi ne gajeru su ɗaga siket sama su sa 'yar ƙaramar riga. Na ce mata ni na ƙirƙiro shi. Ta ce mini, "Kaka, tsufa ya fara taɓa ka." Boko dai aji biyu na yi muka rabu lafiya, ba ni da takardar shaida.

Maganar da Kakarmu ta yi kan awo kuwa ta tabbata, a kaina. Tun awon nan ban ƙara wani abin kirki ba. A bikin jikar nan ta Adda aka jera mu hoto, ni da Adda a gaba, ita da sandarta. Mai hoto ya ce a shirya. Ban san lokacin da na yi ba, wallahi, jiki ne da sabo. Adda ko juyowa ba ta yi ba, ta ɗan taɓa ƙafata da sanda ta ce, "Sauke dugaduganka, ƙanena. An daɗe da yanka atamfar."