Yis Ɗin da Dakta Ta Bari

Baba Mai Kwalabe ake ce masa a ɗakin gwaje-gwajen. Shekara ashirin da shida ya yi yana wanke kwalabe, yana dafa ruwan sukarin da ake kiwon yis a ciki. Bai yi karatu mai nisa ba, amma da hanci kawai yake gane kwalbar da ta gurɓace.

Dakta, wata mai bincike, ita ta fara jawo shi kusa da aikin. Wata safiya ta ɗiga guba a kwalabe biyu. Yis ɗin farko ya daina shaƙar iska nan take, na biyun ko a jikinsa.

"Baba, zo ka gani! An toshe masa hanyar numfashi, ya bi ta wata."

"To wa ya buɗe masa?"

"Wani furotin ne, can cikin ƙwayar yis ɗin, inda take ƙona abinci ta samu ƙarfi. Shi nake farauta."

Shekara huɗu suka yi tare, yana tambaya, tana amsawa ba gajiya. Sai aka kira ta aiki a wata ƙasa. Ta miƙa masa faranti guda na yis ɗin ta ce, "Riƙe min wannan, wata shida zan dawo."

Duk sati biyu sai ya ƙona bakin wata siririyar wayar ƙarfe, ya ɗebi yis ɗin ya shafa a sabon faranti. Matarsa kan tsokane shi: "Malam, wannan ɗan naka har yau bai isa yaye ba?" Wata shida ya zama shekara tara. Sababbin ma'aikata ba su da laifi, sai dai maganarsu da shi ba ta wuce "Baba, a wanke."

Ana saura sati ya ajiye aiki, wata ɗalibar Dakta ta zo da akwatin ƙanƙara don ɗaukar yis ɗin, ta ba shi waya, Dakta na kan layi.

"Baba! Yana da rai?"

"Yana nan, Dakta."

Ya tara tambayoyi fal cikinsa, amma gaisuwa ta cinye lokacin, aka kira ta shiga aji. Da hannunsa ya naɗe farantin.

Yanzu yana gida da jikoki. Ƴarsa ta sha cewa za ta duba masa a waya ko an gano furotin ɗin, sai dai shi bai san yadda ake rubuta sunan abin ba.